CV ɗina na neman PhD ya tsaya min a wuya

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Bayoloji na karanta, yanzu ina ƙarasa mastas, bincikena kan sauron Anopheles mai yaɗa maleriya ne da yadda yake jure maganin feshi, ina so in nemi tallafin DAAD (hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu) na yin PhD a Jamus amma CV ya gagare ni. Tun bayan bautar ƙasa ba aiki ɗaya na yi ba, na koyar a sakandare, na yi aiki a lab ɗin wani asibiti ina duba jinin masu maleriya, na riƙe gonar kaji, har POS na yi lokacin yajin aikin jami'o'i na 2022.

Da na zuba duka sai ya kai shafi huɗu kamar na wanda bai san inda ya dosa ba. Da na cire kaji da POS sai giɓin shekaru ya fito fili. Na gwada Europass, wato tsarin rubuta CV na Tarayyar Turai, shi kuma ya ɗora POS a saman aikin lab tunda shi ne na baya-bayan nan, alhali aikin lab ɗin nan shi ya kai ni ga sauro.

Waɗanda suka samu irin tallafin nan, ayyukan da ba na kimiyya ba cire su kuka yi ko barinsu?