Yaya zan cike fayil da 0xFF a Linux?

Dan_Gusau: Salam jama'a, ina son fayil na 16MB wanda 0xFF (wato lamba 255 a tsarin hex) ne zalla don gwajin ma'adanar filash, na gwada umarnin dd mai kwafar bayanai da /dev/zero amma sifili kawai yake ba ni, tun la'asar nake fama wallahi.

Kabawa: Ai zero sifili ya sani malam. Haɗa shi da umarnin tr mai musanya haruffa:
head -c 16M /dev/zero | tr '\0' '\377' > f.bin
377 ɗin nan octal ne (ƙirga ta takwas-takwas), shi ne 255, wato 0xFF.

Ƴar_Argungu: In kuma kalma kake son maimaitawa umarnin yes ya isa, sai dai yana saka sabon layi, cire shi da tr -d '\n'. A Mac kuwa sa LC_ALL=C kafin tr, in ba haka ba c3 bf za ka gani maimakon ff.

Dan_Gusau: Ya yi, umarnin xxd mai nuna abin da ke cikin fayil ya nuna ff reras. Allah ya saka.