Neman shawara: Ina so in kai uwargida yawon jirgin ruwa a teku, amma zuciyata ba ta kwanta ba

Baban Halifa, Kantin Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Shekararmu 12 da aure da Maman Halifa, 'ya'ya huɗu. Duk tsawon nan ba mu taɓa fita mu biyu kaɗai ba, in ka cire biki a Zariya da ta'aziyya a Gumel. Ni ina fita saro kaya, ita kuwa iyakarta filin jirgin Malam Aminu Kano, ta rako ni ta juya. Kwanaki ta nuna min bidiyon wani jirgin ruwa a wayarta, kamar an ɗauki unguwa guda an ɗora a kan teku, bene kan bene. Ta ce cikin wasa, "Baban Halifa, irin wannan sai dai a mafarki." Maganar ta tsaya min a rai. Wata mai zuwa ni ke da kwasar adashe.

Wani ejan ya turo min talla: kwana 7 a Bahar Rum, Sifaniya da Faransa da Italiya, wai komai da komai a ciki, kuɗin kuma bai kai na kujerar Umara ba. Ya ce in ba da rabi kafin Juma'a, in ba haka ba gurbi zai cika. To arahar ce ta fara ba ni tsoro. Sannan Hajiyata ta ce ba da yawunta ba, tun hatsarin kwale-kwalen Bagwai na 2021 ba ta son jin zancen ruwa. Ga batun salla da abinci. Ita kuma Maman Halifa ko Wudil muka nufa a mota sai mun tsaya a hanya ta yi amai. Waɗanda suka taɓa zuwa, a taimaka.

Alhaji Babba, Fagge:
Wa alaikumus salam. Kada ka ba da ko sisi kafin Juma'ar nan. Araha ba ta ado. Ka ce ya rubuto maka sunan kamfanin, sunan jirgin, ranar tashi da tashar da za a tashi. Ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga ko akwai wannan tafiyar a wannan ranar. Mai gaskiya minti biyar ya ishe shi ya turo.

Injiniya, Hotoro:
Baban Halifa, ka fara daga fasfo, jirgi ya biyo baya. Ƙasashe ukun da ya lissafa maka duk suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma da koren fasfonmu ba ka taka jirgin sai da biza. Wasu suna zaton tunda a cikin jirgi za su kwana, in ba su sauka a gari ba shi ke nan. Ba haka ba ne, tun a bakin tasha za a mayar da kai, kuma ba lallai ne ka ga kuɗinka ba. Kuɗin bizar yuro 90 ne kowane mutum tun Yunin 2024, ban da na ofishin da ke karɓar takardu, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Sai ka haɗa da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da bayanan asusun banki, ka kuma je Abuja ko Legas a ɗauki zanen yatsu. Kai da fasfonka ya sha tambari da sauƙi. Na madam da ko sau ɗaya ba a buga ba, shi ne abin ji. In kuma jirgin zai tsaya a Tunisiya ya dawo Turai, biza mai shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba.

Dubai ma kada ka ce ai gida ne. Ka fi ni sanin an rufe mana biza a 2022, sai Yulin 2024 aka sanar da buɗewa, sharuɗɗan kuma ba sa zama wuri ɗaya. Ku duba fasfo ya zama da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, ku kuma tanadi katin rigakafin shawara. Shawarar cuta nake nufi, ba wadda kake nema a nan ba.

Maman Ilham, Nasarawa:
Ni na je, ni da Abban Ilham, kwana 7 daga Dubai. Mun tsaya Abu Dabi, da tsibirin Sir Bani Yas, da Doha. Wallahi har yau in na tuna asubar farko sai in yi murmushi. Na idar da salla na buɗe ƙofar baranda, ba gini, ba ƙarar janareta, ba mai kiran "Mama", ruwa ne kawai har inda ido ya ƙare, ga iska mai gishiri tana kaɗa min hijabi. Abban Ilham da ba ya minti goma bai ɗaga waya ba, ya zauna shiru da kofin shayi har rana ta fito. Don haka ba zan ce kada ku je ba.

Amma wannan "komai da komai" ɗin, Yaya, ka tambaya komai ɗin wa. Abin da ke cikin kuɗin yawanci shi ne ɗaki, da abinci a babban ɗakin cin abinci da wajen ɗiba da kanka, da wasannin dare. Tikitin jirgin sama daga Kano ba ya ciki sai an rubuta ƙarara. Lemon kwalba da ruwan roba saye ake. Intanet saye ake, da tsada. Motar da za ta zaga da ku gari in an tsaya, kuɗi ne daban. Akwai kuma kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kullum, kamar dala 12 zuwa 20 gwargwadon kamfani, ka lissafa mutum biyu sau bakwai. Abin da ke ruɗar mutum shi ne ba ka taɓa kuɗi a hannu. Kati ɗaya za a ba ka, shi ne mukullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma aljihunka. Miƙa shi kawai kake yi ana murmushi. Daren ƙarshe da lissafi ya zo, Abban Ilham sai da ya cire tabarau ya goge ya sake sawa.

Ku je Wapa ku yi canji tun a gida, ku kuma tabbatar katin bankin da za ku ɗora zai yi aiki a waje. Waya kuma da jirgi ya bar gaɓa a kashe layi, don akwai sabis na tauraron ɗan adam da take kamawa da kanta, mu kiran minti kaɗan ya lashe mana kati kaf.

Sai abu biyu da ba a wasa da su. Ku isa garin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar, ku kama otal, saboda in jirgin sama ya yi muku jinkiri a Addis ko Alƙahira, na ruwa ba ya jira. Haka in an sauka yawo a gari. A Doha da idona na ga wasu mata da miji suna gudu da ledojin sayayya ana shirin janye tsani, mutane a sama suna ta tafi. Da sun ƙara minti biyar sai dai su bi mu da tikitin kansu.

Baffa, Ƙofar Mata:
Ni dai tawa dabam ce. Kuɗin da za a kai wa Turawa a kalli ruwa, me zai hana a kai baiwar Allah Umara? Ruwa ai ga Tiga nan. Kuma kowa ya san abin da ke cikin irin waɗannan jirage, giya da caca da shigar banza.

Anti Amarya, Gwammaja:
Baffa, Allah ya ƙara girma, amma matar nan shekara 12 tana tuƙa tuwo, sau ɗaya ta ce tana sha'awar abu, sai a ce ga Tiga? Giya da caca akwai su a yawancin jiragen, ba ƙarya kuka yi ba, amma suna da ɓangarensu, ba a jan kowa.

Malam, Tudun Wada:
Baffa yana da hujja, Anti ma tana da ita, kuma faranta wa iyali da halal ba ɓarna ba ce. Kan hukunci: an tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da ruwan teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Kenan kifi ya raba gardama in kun yi shakkar nama. Ku rubuta wa kamfani tun wajen yin rajista cewa abincin halal kuke so, ku riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko kayan zaƙi, don Turawa suna girki da ita.

Salla a tsaye ake yi in da iko, a fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya a juya. Wanda jiri ya hana shi tsayuwa ya zauna. Ƙasaru ta halatta a tafiyar ruwa. Haɗa salloli biyu kuwa malamanmu na Malikiyya sun keɓe shi ga tafiyar tudu, wasu mazhabobin sun sawwaƙe, to tunda kuna zaune ne ba abin da ya kore ku, ku yi kowace a lokacinta. Lokacin yana sauyawa daga tasha zuwa tasha, kada ku dogara da jadawalin Kano. Ku tafi da dadduma da 'yar buta, banɗakinsu ba a ajiye ta.

Maganar Hajiya ita ce babba a wurina. Kada ka tafi tana fushi. Lallashi za ka yi, ba gardama ba.

Sista, Sharaɗa:
Kan amai: babban jirgi ba ya rawa kamar yadda ake zato, yana da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi. Duk da haka ku zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a benen ƙasa-ƙasa, can gaba da can sama su suka fi jijjiga. Ɗaki mafi araha shi ne wanda ba taga ko ɗaya, ina kyautata zaton shi ejan ya yi maka farashinsa, kuma mai tashin zuciya ta fi samun sauƙi in tana hango inda ruwa ya haɗu da sama. Ta ga likita kafin tafiya ya rubuta mata maganin jiri, ana sha ne kafin abin ya fara, kuma yana sa barci. Citta ma tana taimakawa. Akwai asibiti a jirgi amma ba kyauta ba ne, shi ya sa inshora ba ta biza kaɗai ba ce. Sannan, a gafarce ni, in akwai juna biyu a lissafa da kyau, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiyar.

Injiniya, Hotoro:
Na dawo saboda maganar Baffa. Akwai hanyar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Saudiyya ta kafa nata kamfanin, AROYA, jirginsa ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024. Yana ɗaukar mutum fiye da 3,000, ba giya, ba caca, abinci halal, akwai wurin salla. Ya yi zirga-zirga a Bahar Maliya zuwa Masar da Jodan, da zafi na 2025 kuma ya koma tashi daga Istanbul, don haka sai an duba inda yake a watan da kuke so. Jidda zuwa Makka kusan kilomita 80 ne. Abin tambaya shi ne ko bizar da za ku shiga da ita ta yarda a fita Saudiyya a dawo, da kuma bizar ƙasashen da za a tsaya. A kuma bibiyi labarai, don hare-haren da aka fara kai wa jirage a Bahar Maliya ƙarshen 2023 sun sa kamfanoni da dama sun soke tafiye-tafiyensu ta can.

Hajiya kuma ka nuna mata hoton kwale-kwalen ceto da ke jere a jikin jirgin, da rigar ruwa ta kowane fasinja. Tun bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka, sai an koya wa kowa inda zai taru in an busa ƙararrawa tun a farkon tafiya. Wannan ƙarshen kada ka faɗa mata, hoton ya isa.

Maman Ilham, Nasarawa:
Na manta muhimmi. A gaya wa Maman Halifa ba a shiga da turaren wuta, ko kasko, ko na lantarki, duk abin da ke yin wuta ko zafi ƙwacewa ake a bakin shiga. Ta riƙe humra da turaren fesawa. Kai ma Yaya ba dutsen guga, ka kai shaddodinka a goge a ninke tun a Kano, in ba haka ba ka biya guga da dala. Kilishi da dambun nama in Turai ce ba a shiga da su. Yaji dai na tafi da nawa a 'yar roba, kuma shi ya cece ni, abincinsu kamar an wanke shi.

Baban Halifa, Kantin Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na tura wa ejan tambayoyin Alhaji Babba tun bayan azahar. Ya turo sunan kamfani, da na ce sunan jirgi da irin ɗakin fa, sai ya ce zai tambayi ogansa. Na ce tikitin jirgin sama da biza suna ciki? Ya karanta, bai amsa ba har yanzu. Kuɗina suna aljihuna.

Da daddare na fasa ƙwai na gaya wa Maman Halifa komai, da niyyar ba-zata nake yi amma na ga batun fasfo ba ya ɓoyuwa, nata ma ashe ya mutu tun bara. Ta zaɓi ta Jidda ba ta ko yi dogon tunani ba. Da safe na je gaida Hajiya na ce Umara za mu fara yi, sannan mu ɗan shiga jirgin. Ta yi shiru, ta ce, "In ka kai ta Ɗakin Allah tukuna, to." Sai ta ƙara da cewa yaran a kawo mata su, kada a kai su gidan kowa.

Injiniya, zan kira ka kan maganar bizar. Maman Ilham, uwargida ta ce in tambaye ki, shi turaren tsinke ma ba a bari?