Ƙarin garanti na laptop: ya cancanci kuɗinsa kuwa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san gyaran kwamfuta.

Laptop sabuwa ce, mai garantin shekara 1 daga kamfani. Dila ya ce zai ƙara shekara 2 a kan kusan kashi 15 cikin 100 na farashinta. Abin da ya tsayar da ni shi ne RAM ɗinta (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) manne take da allon uwa (motherboard, babban allon da ke haɗa kayan cikin na'urar), ba a cire ta. Idan ta lalace, dukan allon uwar ake canzawa, kuma wannan kan ci kusan rabin kuɗin na'urar. Ta wannan fuskar garantin yana da amfani.

To amma takardar garantin ba ta shafi faɗuwa, zubewar ruwa, fashewar gilashi, da lalacewa sakamakon hauhawar wutar lantarki ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi damu na, domin dawowar wuta da ƙarfi da janareto su ne kan ƙona caja da sashen caji na allon uwa. Batir ma garantin shekara 1 kawai gare shi, alhali a shekara ta 2 zuwa ta 3 yake fara rauni.

Shin idan mahaɗin murfi ya karye, lahanin ƙira ake ɗaukarsa ko sakacin mai shi? Kuma garantin dila ne ko na kamfani: ta yaya ake tabbatarwa da lambar siriyal kafin a biya? Ko dai a sayi sitabilaiza mai kyau, a ajiye sauran kuɗin don gyara?