Batiran motarmu na mutuwa kafin asuba, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar sola, ku taimaka mana.

Ni da maiɗakina muna yin hunturu a motar nan mai ɗaki da kicin da Amurkawa ke kira RV, a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona. Filin gwamnati ne, izinin zamansa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Babu wutar layi, ruwa ma sai mun je mun ciko tanki.

Faifan sola na wat 400 ne kwance a rufin, da batiran ruwa guda biyu. A Oktoba lafiya lau. Amma tun da Disamba ta kama, da magariba mita na nuna bolt 12.6, kafin asuba ya faɗo ƙasa da 12. Hita da gas take aiki, sai dai fankarta batir take ci, tsakar dare sai ta ɗauke. Hajiya ta tashi alwala, famfo ko ɗigo tunda shi ma da batir yake aiki, sanyi har cikin ƙashi, ga ta da ciwon gwiwa. Wannan ne ke hana ni barci.

Na goge ƙurar faifan, na ƙara ruwan batir, na ɗaure wayoyi, na mayar da firij kan gas. Shiru.

Maƙwabcinmu ya ce in ɗaga faifan su kalli kudu, tunda rana ba ta hawa sama sosai yanzu. Wani kuma ya ce batiran sun gaji, don muna zuƙe su fiye da rabi, in koma batiran litiyam. Ga tsada.

Yaya zan gane ko caji ne bai isa ba, ko batiran ne suka mutu, kafin in kashe kuɗi?