Faɗuwa a Gaban Sarki: Ladabi Ne Ko Tsohon Yayi?

Ɗan Sawaba:

Da sunan Allah zan fara,
Sarkin da ba a yi masa kishiya ba.

Salati ga Manzo Ɗan Amina,
Da bai yarda a faɗi a gabansa ba.

Dattawan fada, ina da tambaya,
Ba don raini na kawo ta ba.

Mutum ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa,
Rana ta take, ƙasa ba ta huce ba.

Ya zube gwiwa biyu a ƙasa,
Ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba.

Ya ce "Allah ya ja zamanin Sarki",
Sarki bai amsa da bakinsa ba.

Dogari ne zai ce "An gaishe ka",
Ko ido huɗu ba a yi ba.

Kotu da kurkuku da 'yan dokan sarki,
An karɓe su zamanin Gowon, ba su dawo ba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976
Bai bar En'e, hukumar sarakuna, da baitulmalinta ba.

Tsarin mulkin 1999, ku buɗe shi,
Bai yanka wa sarki aiki ba.

Tun 1950 'yan jam'iyyar NEPU suka ja kunne,
Ba a haifi talaka don durƙuso ba.

To me ya rage da za a faɗi dominsa,
In ba tsoron da bai bar jini ba?

Tsohon Bafade:

Ɗana, ka yi tambaya da ladabi,
Zauna in warware maka zancen fada.

Daga nesa ka hango, a hoto,
Bari in jera maka ƙa'ida.

A Gidan Rumfa, fadar Kano, in ka zo Ƙofar Kudu,
Ba ka kutsa kai sai an yarda.

Ka faɗi sunanka da na garinku,
Da abin da ke tafe da kai, ko a takarda.

Sallama ne ke nema maka iso,
Tsakaninka da Sarki shi ne gada.

Takalmi a waje, hula a ka,
Shiga ba hula saɓa wa al'ada.

In ka yi naɗi, kar ka fid da kunne biyu,
Na jinin gidan ne, shi ne shaida.

Laima, figini, takalmin gashin jimina,
Da tagwayen masu, na mutum ne guda.

Kada ƙafarka ta kusanci wurin
Da Kilishi ya riga ya yi shimfiɗa.

Ka durƙusa daidai inda aka nuna,
Wuce nan ke sa dogari ya yi faɗa.

Ka dunƙule hannun dama ka ɗaga,
Jinjina ke nan, ba ta cikin ibada.

Hagu ba ta jinjina, ba ta miƙa kaya,
Nan baƙi suke tuntuɓe tun da.

Kar ka fara miƙa hannu don musabaha,
Sai in shi ya miƙo, sannan a sada.

Sunansa na yanka ba ka kama shi,
Takwaransa ma "Mai sunan Sarki" ne a gida.

Amawali na rufe da bakinsa,
Muryarsa ƙasa-ƙasa, kusa da raɗa.

Don kalmar Sarki ba ta komowa,
Sai an auna ta kafin a fidda.

"An gaishe ka" da ka ji daga dogari,
Amsar Sarki ce, shi ya bayar, shi ya yarda.

In mutum ɗari kowa sai an yi hira,
Mai kuka zai koma da kukansa gida.

In ka gama, ja da baya taku kaɗan
Kafin ka juya, haka aka gada.

Malamin Zaure:

Bafade, Allah ya saka da alheri,
Ka jera mana tsari bisa tsari,
Amma akwai ma'auni tun fari,
Shi ne Littafi da Sunna.

Anas ya ruwaito, Tirmizi ya kawo,
Wani ya tambayi Manzo da ya zo,
In ya haɗu da ɗan'uwa ya sunkuyo?
Ya ce a'a, nan take ya hana.

Ya ce ya kama hannunsa su gaisa?
Ya ce e, wannan ya isa.
Mu'azu ya dawo daga Sham ya faɗi ƙasa,
Aka ce kar ya ƙara, a Madina.

Sa'adu ɗan Mu'azu kuwa da ya ƙaraso,
A kan jaki, da raunin da ya kwaso,
Aka ce ku tashi, shugabanku ya iso,
Nan girman shugaba ya bayyana.

Don haka abin kashi uku ne.
Na farko goshi a ƙasa, haramun ne,
Mai sujada Allah shi kaɗai ne,
Ko ga wa aka yi ta, an yi ɓarna.

Na biyu sunkuyon da ya kai ruku'u,
Tafi a gwiwa, siffar mai kushu'u,
Malamai sun ƙi shi, wasu sun ce mamnu'u,
Masu sassauci karhanci suka nuna.

Na uku tuɓe takalmi da rage murya,
Da jinjina, da addu'a ba ƙarya,
Da zama a ƙasa, da ja da baya,
Al'ada ce, ban ga nassin da ya hana.

Akwai wata da ake kira hurwa,
Mutum ya ɗebi ƙasa yana zubawa
A kansa, gaban sarki, wai gaisuwa,
Shehu ɗan Fodiyo ya soke ta, ku tuna.

Ibn Batuta ya gan ta a Mali,
A 1352, yana mamakin hali.
Yau ba ta a fada, ga kuwa dalili:
Al'ada kan faɗi, sarauta ta zauna.

Shehu Magili ya yi wa Sarki Rumfa nasiha,
A Kano, da hikima da fasaha,
Ya nanata babi-babi, ba raha,
Ɓuyan sarki ga talakawa ne uwar fitina.

To Bafade, ga tawa tambaya:
In ladabi ya zama katanga a hanya,
Talaka ya zo da kuka ya koma baya,
Wa zai amsa ranar da za a auna?

Tsohon Bafade:

Allah gafarta Malam, ka taɓa ciwon,
Akwai ɓarna, wannan na yarda.

Bafaden da sai an ba shi na goro kafin iso,
Shi ke sa talaka ya tsani fada.

Dogarin da ke zuba wa yara bulala ran hawa,
Buɗe hanya aka sa shi, ya ɓuge da faɗa.

Goshi a ƙasa kuwa ba ya cikin tsari,
Mai neman naɗi ne ke zaƙewa ya zarce al'ada.

In ɗaya ya yi aka yi shiru,
Gobe goma za su yi, su ce haka aka gada.

Jikar Jakadiya:

Baba Bafade, Malam, ina gaisuwa,
Ku ba mata fili su faɗi gaskiya.

Cikin gida baƙo namiji ba ya ƙetarawa,
Saƙo na shiga ne ta bakin jakadiya.

Mace in za ta gai da Sarki,
Mayafi ya rufe kai da kafaɗa da baya,

Ta durƙusa gwiwa biyu, murya ƙasa,
Yadda take gai da uba da mahaifiya.

Durƙuson nan ba a fada aka ƙago shi ba,
Daga tsakar gida ya fito, cikin tarbiyya.

Ɗan Sawaba, ƙanena, dubi Hawan Daushe,
Washegarin Sallah, ka bi tafiya.

Sarki da kansa ke zuwa Babban Ɗaki,
Ya sauka daga doki ya gai da uwa da lafiya.

Wanda gari duka ke zubewa a gabansa,
Ga shi gaban gyatuma cike da kunya.

Ka ce ba kotu, ba 'yan doka, haka ne,
Amma matakan ba su rushe ba ko ɗaya.

Mai unguwa, dagaci, hakimi, Sarki,
Hawa huɗu, kowane saƙo ya san hanya.

Rikicin gona, gado, iyakar fili,
Da yawa a zaure suke mutuwa, ba lauya.

A 2003 aka ƙi rigakafin shan inna,
Jita-jita ta cika birni da ƙauye gaba ɗaya.

A 2009 Sarkin Musulmi ya tara sarakuna,
Aka kafa musu kwamiti kan kiwon lafiya.

Mai unguwa ya bi ma'aikata ƙofa-ƙofa,
Maigida ya ga fuskar da ya sani, ya saki zuciya.

A Agustan 2020 aka ce ainihin ƙwayar cutar
Ta bar Afirka, aka shaida wa duniya.

Ƙofar da takardar ofis ta kasa buɗewa,
Girman rawani ya buɗe ta ba hayaniya.

In muka zubar da girman nan yau, ƙanena,
Wa za a ji wa magana ran wuya?

Mai Karatun Doka:

Yaya, hujjarki ta zauna daram,
Bari in shigo da ɓangaren doka.

Ba ɗan boko ne ya rage girman rawani ba,
Alƙalamin gwamnati ne ke masa duka.

Masu zaɓen Sarkin Kano: Madaki, Makama,
Sarkin Bai, Sarkin Dawaki Mai Tuta, huɗu a lissafinka.

Su tantance, su miƙa sunaye,
Gwamna ya duba, wanda ya so ya ɗauka.

Shi ke miƙa sandar girma a taro,
Shi kuma ke karɓe ta daga hannunka.

A 1963 Sanusi na ɗaya ya yi murabus,
Azare ta zama masauki, bayan binciken taska.

A 1996 Abacha ya tuɓe Dasuki a Sakkwato,
Sarkin Musulmi guda, abin ya kai haka.

A 2005 Jokolo na Gwandu ya bi sahu,
Shari'arsa ta ci shekaru ana ɗaukaka.

A 2019 aka raba Kano gida biyar,
Bichi, Rano, Gaya, Ƙaraye aka yanka.

Ran 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sanusi na biyu,
Aminu Ado ya gaje shi kafin rana ta sauka.

Kotun tarayya a 2021 ta ce tsare shi
Da korarsa daga Kano sun saɓa doka.

A Mayun 2024 majalisa ta soke rabon,
Aka mai da Sanusi, gari ya rabu a tsaka.

Sanusi a Gidan Rumfa, Aminu a gidan Nassarawa,
Hakimi na tunanin ƙofar da zai taka.

Gaisuwa ta tashi daga ladabi ta koma shaida,
Inda ka faɗi, nan ake karanta jam'iyyarka.

Har 'yan sanda suka hana hawan Sallah,
Dawaki a turke, alkyabba a ninke a jaka.

A shekarar ce UNESCO ta karrama hawan Kano,
A waje yabo, a gida kuwa kuka.

Yaron da ya ga sarki na sauyawa da zaɓe,
Da wuya ka ce ya durƙusa ya ji maka.

Gyaran shi ne a rubuta a tsarin mulki
Aikin sarki, da laifin da zai sa ya sauka,

Da kwamitin bincike, da damar kare kai,
Kafin a wayi gari a ce an tuɓe ka.

Ɗan Sawaba:

Iyayena, na ji, na kuma auna,
Amma ban janye tambayar duka ba.

Takalmi zan tuɓe, jinjina zan yi,
Addu'ar tsawon rai ba ta rage ni ba.

Goshina kuwa na alƙibla ne,
Malam bai nuna mini wani wuri ba.

Yaya, na yarda da zancen rigakafi,
Sai dai girman nan bai zo a banza ba.

Sarkin da ke zaman jin kuka ne ya same shi,
Ba wanda talaka bai san ƙofarsa ba.

Ina son rana sananniya a mako,
Da mai ƙara zai shiga bai biya kowa ba.

Da magatakarda da littafi a ƙofa,
Wanda ya riga ya shiga, ba a tsallake shi ba.

Ga ta ƙarshe, Baba Bafade:
Tsohon da gwiwa ba ta bar shi ya durƙusa ba,

Ko mai keken guragu, ko mace mai tsohon ciki,
Yaya za su yi, in ba a so su juya ba?

Tsohon Bafade:

Ɗana, wannan mai sauƙi ce,
Lalura tana gaba da al'ada.

A gaya wa mai neman iso tun a ƙofa,
Kar a bari sai an shiga tsakiyar fada.

Shi zai sanar da dogarai tun da wuri,
Kar wani ya ɗauka gadara ce ya yi faɗa.

Mai sanda a kama shi a zaunar da shi,
Mai keke a tura shi, ya tsaya kafin shimfiɗa.

Ya ɗaga dama ya yi jinjina daga zaune,
Ya yi addu'a, gaisuwarsa ta cika ƙa'ida.

Mai ciki ta zauna a gefen mata,
Daga nan za ta ɗan rusuna ta gaida.

Batun littafin ƙofa na goyi bayanka,
Ku taru ku rubuta shi a takarda.

Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa,
Hakiminku ya kai majalisar Sarki a fada.