Bayan ambaliya: a sake gina unguwa a inda take, ko a tashe ta?

Abu Fatima, Jidda

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san harkar tsara birane su fahimtar da ni wani abu. Duk wanda ya daɗe a Jidda yana tuna ambaliyar 25 ga Nuwamba, 2009, wadda ta zo daidai da fara aikin Hajji, ta halaka fiye da mutum 100, ta kuma fi yin ɓarna a unguwar Kuwaiza da unguwannin gabashin babbar hanyar Haramain. An sake yin wata a Janairun 2011, sannan ta Nuwamban 2022. Tambayata ita ce, idan irin wannan masifa ta auku a birnin da ke bakin teku, wanne ya fi dacewa hukumar birni ta yi: ta taimaki mutane su sake gini a inda suke, ko ta hana zama a wurin baki ɗaya?

Injiniya Ɗan Zazzau

Wa alaikumus salam, Malam Abu Fatima. Kafin a yanke hukunci a kan kowace unguwa, wajibi ne a fara sanin hanyar da ruwan ya biyo. Jidda tana shimfiɗe ne tsakanin tsaunukan Hijaz daga gabas da Bahar Maliya daga yamma, don haka ruwan da ya sauka a kan tsaunuka ba shi da inda zai nufa sai teku, ta cikin kwaruruwan da ya saba bi tun kafin a kafa birnin. Da yake ana iya shafe shekaru ba a ga ruwan kirki ba, sai aka yanka filaye a cikin waɗannan kwaruruwa, wasu da izini wasu babu, aka kuma gina tituna da suka tare mafitar ruwan. Wannan ne ya sa a 2009 Sarki Abdullah bai tsaya ga umartar a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan 1 ba, har ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan yankin Makka, Yarima Khalid al-Faisal, domin a gano yadda aka bari gini ya hau hanyar ruwa.

A ganina, gidan da ke tsakiyar kwari bai kamata a sake gina shi ba, komai yawan diyyar da za ta ci. Amma unguwar da ke gefe, wadda matsalarta rashin magudana ce, gyara take bukata ba rusau ba. Bayan 2011 an gina madatsun ruwa a gabashin birnin, an faɗaɗa manyan magudanan da ke kai ruwa teku, tun kafin nan kuma an zuƙe tafkin ruwan ƙazanta da ake kira Misk, wanda ya daɗe yana hana mutane barci. Alherin wannan aiki ya fito a 24 ga Nuwamba, 2022, lokacin da aka auna milimita 179 cikin kimanin sa'o'i 6 a kudancin birnin, ruwan da ya zarce na 2009 nesa ba kusa ba, amma waɗanda aka sanar sun rasu mutum 2 ne. Duk da haka motoci sun nutse a tituna da hanyoyin ƙarƙashin gada, wato an shawo kan ruwan tsauni, saura wanda yake sauka a cikin garin kansa.

Hajiya Umman Yara

Injiniya, bayaninka ya gamsar ta fuskar ruwa, sai dai ka tsallake mutanen da ke cikin gidajen. Mun ga yadda tashin unguwa yake daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, lokacin da aka rushe unguwanni kusan 60, ciki har da Sabil, Kandara, Gulail da Petromin, inda 'yan uwanmu da yawa suka haifi 'ya'ya har da jikoki. Gaskiya ne ba ambaliya ce ta jawo wannan rusau ba, dalilan da aka bayar su ne tsaro da gyaran birni, amma ya nuna mana yadda lissafin diyya yake tafiya. Ɗan ƙasa mai takardar mallaka ana biyansa fili da gini, wanda ba shi da ita ana duba ginin kawai, shi kuwa baƙo ɗan haya sai dai ya ɗaure kayansa ya shiga neman ɗaki a lokacin da kuɗin haya ya tashi. Saboda haka duk tsarin farfaɗowa da bai ƙirga 'yan haya tun daga ranar farko ba, bai kuma tanadi inda za su koma kusa da wurin neman abincinsu ba, zai tura su ne wani lungu mai araha, kuma sau da yawa arahar tasa daga haɗarinsa take.

Ɗan Takari, Bur Sudan

Yaya Abu Fatima, a wajenmu tambayar ta ɗauki wata fuska. A ƙarshen Agustan 2024 madatsar Arba'at ta fashe, ta share ƙauyuka, ta kuma yanke babbar hanyar da birnin Bur Sudan yake samun ruwan sha, alhali yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya riga ya cika garin da 'yan gudun hijira. Dogaro da madatsa kaɗai yana da nasa haɗarin, domin tana sa mutane su saki jiki su yi gini a ƙarƙashinta, idan kuma ba a kwashe laka ana duba lafiyarta ba, ranar da ta karye ɓarnar takan ninka, kamar yadda aka gani a Darna ta Libiya a Satumban 2023. Inda babu kuɗi irin na Saudiyya, abin da hukuma za ta iya shi ne ta shata hanyar ruwa a fili, ta hana yanka filaye a cikinta, ta kuma samar da mafarin ruwan sha fiye da ɗaya.

Abu Fatima, Jidda

Allah ya saka muku da alheri. Injiniya, saura abu guda: shin akwai hanyar da mai neman haya zai bi ya tabbatar ko gida yana kan tsohon kwari kafin ya sa hannu a yarjejeniya, ko kuwa sai dai ya tambayi dattawan unguwar?