Baba ba ya iya kaiwa masallaci sai ya zauna a hanya: akwai magani ban da tiyata?

Ɗan Autan Baba:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 71. Idan ya tsaya ko ya yi tafiyar kamar minti biyar, sai ɗuwawu da cinyoyinsa su yi nauyi, ƙafafun su sage, dole ya nemi wurin zama. Yana zama abin ya sake shi. An yi masa hoton MRI, likita ya ce hanyar da jijiyoyi ke bi a ƙugunsa ce ta tsuke, a tsakanin L4 da L5, wato ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar. Shi kuwa ko sunan tiyata ba ya so a ambata. Yana da hawan jini, kuma kullum sai ya sha maganin ciwo diclofenac daga kemis. Don Allah masana, me za mu yi masa a gida?

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙasusuwan ƙugu biyar ne, kuma akwai rami a tsakiyarsu da jijiyoyin ƙafafu ke bi. Da shekaru, faifan da ke tsakanin ƙashi da ƙashi yakan bushe ya turo baya, gaɓoɓin su yi kauri, wata tantanin jijiya da ke bayan ramin ita ma ta kumbura. Idan mutum ya miƙe sosai ramin yakan ƙara tsukewa, idan ya sunkuya gaba ya buɗe. Shi ya sa za ka ga tsoho ya kasa tafiyar mita ɗari, amma ya tuƙa keke har kasuwa, ko ya tura baro ba gajiya.

Kafin maganar motsa jiki, a taɓa jijiyar jini a saman tafin ƙafarsa da bayan idon sawu. Toshewar hanyoyin jini, musamman ga mai suga ko mai shan taba, tana kawo ciwo mai kama da wannan. Bambancinsu: mai matsalar jini yana tsayawa cik ciwon ke lafawa, mai tsukewar ƙugu kuwa sai ya zauna ko ya duƙa.

Yawancin masu wannan lalura ba sa ƙarewa a keken guragu. Mafi yawansu abin yakan tsaya yadda yake tsawon shekaru, wasu su samu sauƙi, kaɗan ne ke taɓarɓarewa. Amma akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zubowa bai sani ba, bahaya ta kufce masa, tsakanin cinyoyi da wajen dubura su mutu, ko ƙafa ta fara jan ƙasa yana tuntuɓe. Wannan asibiti ne a ranar, domin jinkiri yana iya barin nakasa ta dindindin. Haka nan idan akwai zazzaɓi, rama, gumin dare ko ciwon da ke tayar da shi daga barci, a binciki tarin fuka na ƙashin baya da ciwon daji.

Mai Gashin Ƙashi:
Ku fara da agogo. Gobe da safe ku auna minti nawa yake tafiya kafin ƙafar ta fara sagewa, ku rubuta. Da wannan lambar za ku gane ko ana ci gaba, hoton MRI ba zai sauya ba ko ya samu sauƙi.

Idan minti biyar ne, ya yi tafiyar minti huɗu, ya zauna minti biyu yana ɗan sunkuyo da gwiwar hannu a kan cinya, ya tashi ya sake. Zagaye huɗu zuwa biyar, kullum. Duk mako a ƙara minti ɗaya. Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne: ko a ce tsoho ya kwanta ya huta, naman cinya ya narke cikin 'yan makonni har tashi daga tabarma ya gagare shi, ko kuma ya cije ya yi ta tafiya cikin ciwo, washegari ya kasa fita.

Safe da yamma kuma, a kan tabarma ko katifa mai tauri: ya kwanta rigingine, ya jawo gwiwoyi biyu zuwa ƙirji, ya riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, sau biyar. Sannan gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ya matse ciki ya danna ƙugunsa ya manne da tabarmar, daƙiƙa biyar, sau goma. Bayan haka ya zauna a kujera mai ƙarfi wadda aka jingina da bango, ya tashi ya koma sau goma, idan ya iya ba tare da dafa hannu ba. Wannan na ƙarshen shi ke gina cinya, kuma shi aka fi yi wa kasala. Idan da keken motsa jiki na ɗaki, minti goma da farko, a kai shi rabin awa a hankali.

Kada ya kwanta rub da ciki, kada a sa shi bankarewa baya. Wajen barci, ko ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da filo ƙarƙashinsu. Doguwar tsayuwa kamar ta tarawihi tana tayar da ciwon, ruku'u da sujada kuwa ba sa damun yawancinsu, don haka ya ajiye kujera a sahu ya zauna lokacin karatu, shari'a ta yi masa rangwame. Sanda tana taimakawa, amma abin dafawa mai taya ya fi ta, saboda yana sa shi ɗan sunkuyawa yana tafiya.

Abin da ake yi a gida bai kai wanda ake yi a gaban ma'aikaci ba. Ku nemi sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala idan kuna kusa da Kano, ya yi sau biyu a mako na tsawon makonni shida. Idan an taɓa ce masa ƙashinsa ya yi taushi ko ya taɓa karaya a gadon baya, kada ya fara lanƙwasawar nan sai an duba shi. Kuma kada a bari kowa ya taka masa baya ko ya murɗe shi da sunan ɗori.

Mai Haɗa Magunguna:
Ni diclofenac ɗin nan na kullum ya fi tayar mini da hankali fiye da ƙugun. Shi da ibuprofen da piroxicam duk dangi ɗaya ne: suna ƙara hawan jini, suna raunana ƙoda, suna huda ciki. Ga ɗan shekara 71 mai shan maganin hawan jini, haɗarin ya ninka. A kai shi gwajin ƙoda da na yawan jini, a tambaye shi ko bahayarsa ta taɓa yin baƙi kamar kwalta. A daina sayen haɗin kemis da ake ƙullawa a leda, domin sau da yawa akwai irin waɗannan guda biyu a ciki tare da dexamethasone, mai tayar da suga yana cinye ƙashi.

Farasitamol ya fi aminci: giram ɗaya, wato ƙwaya biyu mai miligiram 500, kada ya wuce sau uku a yini. Pregabalin da gabapentin, magungunan ciwon jijiya, ana yawan rubuta su, amma amfaninsu a wannan ciwo kaɗan ne, ga jiri da magagi, kuma tsohon da jiri ya kayar a banɗaki yana iya samun karayar ƙashin cinya. Idan likita ya ba shi, a fara da ƙaramin awo da dare, in babu canji bayan wata guda a janye a hankali. Tramadol kada ma a fara.

Ɗan Autan Baba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wani ya ce mana akwai allurar baya da ke warkar da shi gaba ɗaya, gaskiya ne?

Likitan Ƙashi:
Ba ta warkarwa, domin ba ta faɗaɗa ramin. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2014, a kan mutum 400, ya kwatanta allurar da aka sa wa sitiroyid, wato maganin rage kumburi, da wadda maganin kashe zafi kaɗai ke ciki, bayan makonni shida bambancin bai taka kara ya karya ba. Wasu kan samu sauƙin 'yan makonni, wanda zai iya ba su damar fara motsa jiki, kuma tana ɗaga suga na wasu kwanaki.

Kada kuma ku rufe ƙofar tiyata. Ku ba shirin da aka tsara a sama wata uku cur. Idan lambar agogon ta tashi daga biyar zuwa goma ko sha biyar, ku ci gaba. Idan tana raguwa, ko ya kai ga ba ya iya zuwa ƙofar gida, ku koma wa likitan da takardar da kuka rubuta mintocin a kai, a zauna da Baba a yi masa bayanin aikin da kansa.